Murhun Rajaportti: Gidan Wankan da Ake Hura wa Itace Tun 1906

A unguwar Pispala da ke birnin Tampere na ƙasar Finland akwai wani gidan wankan jama'a da ake kira Rajaportti. Wani mutum mai suna Hermanni Lahtinen da matarsa Maria ne suka gina shi a 1906, kuma har gobe da itace ake hura masa wuta. Duk faɗin ƙasar, cikin gidajen wankan zafi na jama'a da ke aiki, babu wanda ya girme shi. Irin wannan wuri sauna suke ce masa a can. Ɗaki ne rufaffe mai murhu cike da duwatsu masu zafi. Mutane su hau benci su zauna, a riƙa watsa wa duwatsun ruwa tururi na tasowa, gumi ya karyo wa mutum, ya fita ya sha iska, ya dawo, daga ƙarshe ya cuɗa jikinsa ya ɗauraye.

Ƙasar ba ta rasa irin waɗannan ɗakuna ba. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2020, lissafin da aka bayar shi ne ɗakuna miliyan 3.3 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 5.5 ba. Da yawa daga cikinsu na lantarki ne, a cikin gidajen kwana, mutum ya murɗa makunni ya je ya yi wata hidima, kafin ya dawo ɗaki ya yi zafi. Rajaportti kuwa sai wani ya ɓata rabin yininsa a gaban wuta kafin a buɗe wa kowa ƙofa. Wannan aikin nake so mu duba da kyau, domin a ganina shi ya kawo gidan zuwa yau, kuma a kansa makomar gidan ta rataya.

Unguwar ma'aikata a bayan iyaka

Tampere na zaune ne tsakanin manyan tafkuna biyu, Näsijärvi a arewa da Pyhäjärvi a kudu. Na arewa ya ɗara na kudu tudu da kimanin mita 18, ruwan yana gangarowa da ƙarfi ta tsakiyar gari, kuma ƙarfin wannan gangara ne ya jawo masana'antu. Masaƙar Finlayson, wadda wani mutumin Sikotlan mai suna James Finlayson ya kafa a 1820, ta girma har ta ɗauki dubban ma'aikata. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa neman aiki. Waɗanda ba su da halin zama cikin gari suka haura wani dogon tudun tsakuwa da ke yamma, a bayan iyakar birni, inda dokar gini ba ta tsananta ba. Nan ne Pispala. Kowa ya kafa gidan katako gwargwadon aljihunsa, wani a saman wani, a kan gangara mai tsini. Sai a 1937 aka shigar da unguwar cikin birnin Tampere.

A ƙauyukan da suka baro, kusan kowane gida na da nasa ɗakin zafi a gefen gona ko a bakin ruwa. A ciki ake wanka, a ciki mata ke haihuwa saboda nan ne wuri mafi tsafta mai ruwan zafi a kusa, a ciki ake wanke mamaci, a ciki masu ƙaho ke aikinsu da ƙahon shanu. Ma'aikacin masaƙa da ya cunkushe da iyalinsa a ɗaki ɗaya, babu famfo, a garin da sanyin hunturu kan sauka digiri 20 ƙasa da sifiri a wasu ranakun, duk ya rasa wannan. Gidan wanka na kuɗi ne ya cike masa gurbin. Ranar Asabar da yamma, idan an tashi daga aikin mako, sai a ɗauki sabulu da tawul a nufi wurin. Saboda haka Lahtinen da matarsa ba don nishaɗin masu hali suka yi gininsu ba. Sana'a ce suka kafa a kan buƙatar maƙwabtansu.

Murhun da ake hurawa sau ɗaya

Murhun itace na sauna kashi uku ne. Mafi tsufa ba shi da bututun hayaƙi ko kaɗan: a hura wuta a ƙarƙashin tarin duwatsu, hayaƙi ya cika ɗaki yana fita ta wata 'yar kafa, bango da rufi su yi baƙi ƙirin, sai wuta ta mutu hayaƙi ya gama fita sannan a shiga. Mafi sabunta, wanda ya bazu daga shekarun 1930, akwatin ƙarfe ne da ya raba wuta da duwatsu, saboda haka ana iya ci gaba da ƙara itace mutane na zaune suna wanka. Na Rajaportti yana tsakanin biyun nan. Yana da bututu, amma harshen wuta da hayaƙi ta cikin duwatsun suke ratsawa kafin su fice. Ke nan muddin wuta na ci, ba mai shiga.

Ginin murhun na bulo ne, babba, duwatsun da ke cikinsa sun haura tan guda. Da faskaren itace mai tsawon mita guda ake ciyar da shi, awa biyar zuwa shida. Daga nan wuta ta mutu, a toshe bututu, zafin da duwatsu suka sha shi ne zai riƙe gidan har a tashi da dare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan burodi ya ga yadda ake cika tanderu da itace, a bari ya cinye, a kwashe garwashi, sannan a jera kwanoni a kan zafin da bulo ya tara, ya riga ya gane tsarin. Murhu ɗaya ne kuma a tsakiyar ginin yake yi wa ɓangaren maza da na mata aiki, kowane da ƙofarsa.

Abin da ke cikin wannan tsari mai nauyi ne: da zarar an buɗe ƙofa, gyara ya ƙare. Idan mai wuta ya yi rowar itace da safe, mutanen ƙarfe tara na dare ne za su sha wahalar, kuma babu yadda za a yi a ƙara musu ko tsinke ɗaya. Idan ya yi gaggawar toshe bututu, mutanen farko ne za su shaƙi guba. Mai murhun ƙarfe na iya yin kuskure ya gyara nan take. Shi wannan, duk shawararsa sai ya gama yanke ta kafin baƙo na farko ya cire takalmi.

Lissafin zafin ma yana da sauƙin bi. Kafin lita guda ta ruwa mai sanyi ta tafasa ta ƙone ƙurmus ta zama tururi, tana cin zafi kimanin kilojul 2,600 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Tan guda na dutse kuwa, idan zafinsa ya sauka da digiri 100, abin da ya saki bai fi kilojul 80,000 ba. A raba, za a ga cewa kowace lita talatin da aka watsa tana rage wa duwatsun kusan digiri 100, ban da wanda ke zurarewa ta bulo da ƙofa da iskar da ke shiga tana fita. Shi ya sa ake kai duwatsun digiri 500 zuwa sama, har waɗanda ke ƙasa su yi ja, alhali iskar ɗakin da mutane ke zaune yawanci tsakanin digiri 70 ne zuwa 90. Ratar da ke tsakani ita ce ajiyar da za a ci duk yammacin.

Aikin mai wuta

Aikin ba ranar wanka yake farawa ba, tun daga wurin itace ne. Ɗanyen itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka cusa shi a murhu, wuta za ta ɓata ƙarfinta wajen ƙone wannan ruwan, ta yi ta hayaƙi tana tsartuwa, duwatsu su sha baƙi maimakon zafi. Abin da ake nema shi ne ruwan da ke cikin itace ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa. Al'adar mutanen ƙasar ita ce a sare a ƙarshen hunturu, a faskara da wuri, a jera a inda iska ke kaɗawa, a rufe samansa a bar gefe a buɗe, ya sha ranar bazara. Itacen da suka fi yabo shi ne na bishiyar nan mai farin ɓawo da suke kira koivu, saboda nauyinsa da ƙarfin wutarsa. Busasshen faskare idan aka gwara biyu sai su yi ƙara tas, ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take. Katakon da aka yi wa fenti ko magani, da ledoji da shara, ba su da wuri a wannan murhu, tunda duk abin da aka ƙona ta cikin duwatsun zai bi, kuma a kan duwatsun nan za a watsa ruwan da mutane za su shaƙi tururinsa.

Da safe mai wuta zai fara da kwashe tokar jiya, domin toka idan ta taru tana toshe hanyar iska ta ƙasa. A bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, nesa da bangon katako, saboda garwashi kan kwana a cikin toka da ransa. Sai ya buɗe marfin bututu gaba ɗaya ya gwada ko yana ja. A ranar sanyi mai tsanani bututu na ja da ƙarfi, amma gini da duwatsu sun fi yin sanyi, za su fi cin itace. A ranar bazara mai ɗumi da iska ta tsaya cik, bututun da ya huce kan yi nawa, hayaƙi ya nemi dawowa ɗaki, sai an fara da 'yar ƙaramar wuta ta ɗumama shi tukuna. Haka kuma murhun da aka hura jiya ba ɗaya yake da wanda ya kwana biyu a kashe ba, kuma gidan ba kullum yake buɗewa ba, wasu ranaku ne a mako. Saboda haka babu wani adadin faskare da za a rubuta a manna a bango a ce shi ke nan.

Ana zuba itacen ne kashi-kashi. A bar kashin farko ya ci sosai ya zama garwashi, sannan a ƙara na biyu, a bar tazara tsakanin faskare don iska ta ratsa. Wuta mai haske mai ruri ake so. Idan aka danne ta da itace da yawa a lokaci guda, sai ta shaƙe. Mai wuta na iya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi bakin bututu: baƙin hayaƙi mai kauri na nufin ana asarar itace, hayaƙi siriri da ƙyar ake ganinsa na nufin wuta na cin abincinta yadda ya kamata.

A awannin farko duwatsun baƙi suke yi, kunkunniya ta lulluɓe su. Wanda bai sani ba zai ga ɗaki ya ɗau ɗumi ya ce ai an gama. Ba a gama ba. Sai zafin duwatsun ya kai inda kunkunniyar da kanta za ta ƙone ta bar su fes, sannan murhu ya nuna. Idan aka tsaya kafin nan, ruwan farko da aka watsa zai taso da baƙin ƙura, tururin ya yi ɗaci a maƙogwaro, ya sa ido hawaye. Wannan ce alamar da ta fi agogo gaskiya, kuma da ido ake ganinta.

Daga nan sai wurin da ya fi ko'ina haɗari. Kashi na ƙarshe ya cinye, saura garwashi, zafi kuma na ta ficewa ta bututu a banza. Zuciya na raya wa mutum ya toshe da wuri ya tsare zafinsa. To amma garwashin da ke ci a hankali babu isasshiyar iska yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. A ko'ina waɗannan alamu na da wuyar ganewa, amma a ɗakin zafi abin ya fi muni, domin su ne dai alamomin da zafi kansa ke kawowa. Mutum zai ce zafi ne ya yi masa yawa, ya jingina da bango ya ɗan huta, alhali fita ya kamata ya yi da gudu.

Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci. Muddin ana ganin shuɗin harshen wuta na rawa a kan garwashi, ko garwashin na da sauran ja, ba a taɓa marfin bututu. A tona shi, a tattaro shi inda iska ta fi bugawa, a jira ya mutu murus ya zama toka. Bayan nan, bututu na nan a buɗe, tagogi da kafofin iska a buɗe, sai mai wuta ya ɗebi ruwa ya watsa wa duwatsun. Wannan tururin farko ba na wanka ba ne. Aikinsa ya kwashe toka da ƙura da ragowar gubar da ta maƙale tsakanin duwatsu ya fitar da su waje. Häkälöyly suke ce masa, kuma ba a tsallake shi. Sai an yi shi sannan a toshe bututu, a goge benci, a rufe ɗaki a ba shi lokaci zafi ya daidaita, ya shiga bango da katako.

A nan dole in tsaya in yi magana da namu mutanen kai tsaye. Wannan iskar ita ce dai wadda ke kashe iyali a cikin barci idan an shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu aka rufe ƙofa da taga, ita ce kuma ke fitowa daga janareton da aka kunna a cikin shago ko a baranda rufaffiya. Duk wanda ya karanta labarin wankan tururi ya ji sha'awa, kada ya kuskura ya shiga banɗaki da garwashi ya rufe ƙofa. Mutanen da suka gaji abin kaka da kakanni, da gini na musamman da bututu, su ma sai sun ga wuta ta mutu sun wanke ɗakin da iska kafin su sa ƙafa.

Yadda ake cin ajiyar

A Rajaportti wurin wanka na ƙasa, wurin zama a sha zafi kuma na sama, ana hawa da matakala, domin zafi sama yake taruwa. Mutum zai fara watsa ruwa a jikinsa, sannan ya hau ya nemi wuri. Maza na nasu ɓangaren, mata na nasu, kuma a al'adarsu ba a shiga da tufafi. Suna da wata tsohuwar magana da ke cewa a zauna a sauna kamar yadda ake zama a coci, wato ban da hayaniya, ban da faɗa, ban da zagi. Hira kam ana yi, har da wanda ba a taɓa gani ba.

Duwatsun na bayan wata ƙofar ƙarfe. A buɗe, a watsa ruwa da ludayi mai dogon hannu, a ji ƙara, bayan ɗan lokaci zafi ya sauko daga rufi ya lulluɓe kafaɗu da kunnuwa. Ma'aunin zafi da ke bango ba lalle ya motsa sosai ba. Abin da ya canza shi ne laimar iska: tururin na sauka a kan fata ya koma ruwa, ya sauke mata zafin da ya ɗauko daga dutse, gumi kuma ya kasa bushewa balle ya sanyaya jiki. Masu son irin wannan murhu na cewa tururinsa ya fi laushi, kuma akwai dalili. Dutse mai tsananin zafi, mai yawa, yana ƙone ruwa gaba ɗaya nan take. Ƙaramin murhun da duwatsunsa ba su yi zafi sosai ba kan bar ruwan yana tafasa yana tsiyaya, ɗaki ya yi damshi mai nauyi.

Ladabin wurin daga lissafin nan na sama ya samo asali. Kafin mutum ya watsa ruwa yakan tambayi na kusa da shi ko a ƙara, domin ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba. Ba a barin ƙofar ɗaki a buɗe. Ba a kwarara ruwa da bokiti don nuna jarumta, tunda kowane ludayi daga rabon wanda zai zo anjima aka ɗebe shi. Wanda ya zo da wuri zai tarar da zafi mai kaifi, busasshe. Wanda ya zo can da dare zai tarar da mai sauƙi, mai laima. Tsofaffin abokan gidan kowa ya san lokacin da ya dace da jikinsa. Wasu kan zo da damin ɗanyen reshen koivu mai ganye, wanda aka fi yankowa a tsakiyar bazara, su jiƙa shi su riƙa bugun jikinsu a hankali, ƙamshin ganyen ya cika wurin.

Idan zafi ya ishi mutum sai ya sauko ya ɗaura tawul ya fita tsakar gida ya zauna a benci, ko da dusar ƙanƙara na zuba, tururi na tashi daga jikinsa. Ya sha ruwa, ya huce, ya koma. Ba a ƙidaya wa kowa minti ko zagaye.

Game da lafiya, akwai wani bincike da aka buga a 2015 wanda ya bi maza 2,315 na yankin Kuopio da ke gabashin Finland har kimanin shekara ashirin. An ga cewa masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Alaƙa ce aka gani a tsakanin mutanen da suka saba da abin tun suna yara, ba takardar magani ba ce. Mai ciwon zuciya ko wanda jininsa ke faɗuwa sai ya ji daga likitansa, kuma haɗa giya da zafin nan na cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwa a ciki.

Shekarun da aka kusa rasa shi

Abin da ya kashe yawancin gidajen wankan jama'a a Finland ci gaba ne, ba talauci ba. Bayan yaƙin duniya na biyu murhun lantarki ya bazu. Aka riƙa gina dogayen benaye masu ɗakin zafi ɗaya a ƙasa, kowane iyali da ranarsa da awarsa. Daga shekarun 1970 kuma aka shiga sa wa kowane gida nasa a gefen banɗaki. Mutumin da ke da famfon ruwan zafi da ɗan ɗakinsa na lantarki, me zai fitar da shi cikin sanyi ya je ya biya kuɗi? Helsinki, babban birnin ƙasar, da ya taɓa mallakar irin waɗannan gidaje sama da ɗari ya wayi gari da 'yan ƙalilan, cikinsu har da Kotiharju na unguwar Kallio, wanda aka buɗe a 1928 kuma shi ma da itace yake aiki.

Rajaportti ma guguwar ba ta bar shi ba. Filin ya koma hannun hukumar birnin Tampere, kuma a shekarun 1980 maganar rushe shi ta taso. Mutanen unguwa da masu wanka a wurin suka ƙi yarda. Suka haɗu a ƙungiya, wadda ake kira Pispalan saunayhdistys, kuma daga 1989 ita ke gudanar da gidan, ginin kuwa na hannun birni.

Shawarar da ta fi burge ni a duk labarin ita ce abin da ƙungiyar ta ƙi yi. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi a gabanta. Tana iya mayar da wurin gidan tarihi, a share murhu a sa masa igiya, 'yan makaranta su zo su leƙa. Tana iya kuma cire wahalar gaba ɗaya ta sa na lantarki a cikin tsohon ginin. Ko wacce aka bi, bango zai tsira. Amma ginin da aka yi don ya riƙa shan zafi yana bushewa, idan aka bar shi a sanyi da laima shekara da shekaru, lalacewa yake yi. Ilimin hura murhun kuwa ya fi bulo saurin rushewa, domin a jikin mutane yake. Da an yi shekara goma ba a hura ba, da wuya a sami wanda ya san yadda wannan murhun, shi kansa, yake ja a watan Janairu da yadda yake yi a watan Yuli. Ƙungiyar ta zaɓi hanya mai tsada, ta ci gaba da sayen itace da neman mai tashi ya hura.

Lokaci ya zo ya gaskata su. Sha'awar wankan jama'a ta dawo, aka buɗe sababbin wurare a Helsinki da Tampere, a 2018 kuma aka ayyana Tampere a matsayin babban birnin sauna na duniya. Yanzu baƙi daga ƙasashe daban-daban na zuwa Pispala su zauna a benci ɗaya da 'yan unguwa. Wannan alheri ne ga asusun gidan, amma murhun bai ƙaru ba. Tan ɗin dutsen da ya ishi 'yan unguwa shi ne dai zai ishi kowa, kuma baƙon da bai san ladabin ludayi ba sai an koya masa.

Abin da ba ya ƙarewa

Duwatsu na tsufa. Yau su yi ja da zafi, anjima a watsa musu ruwa, gobe a sake, a hankali sai su tsattsage su marmashe. Marmashin ya gangara ya toshe kafofin da wuta ke bi, murhu ya fara cin itace da yawa yana ba da zafi kaɗan. Dole lokaci-lokaci a bar shi ya huce, a kwashe duwatsun da hannu, a zubar da waɗanda suka mutu, a sake jerawa: manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba a matse ba. Ba kowane dutse ne ke shiga ba. Baƙi ake nema, mai nauyi, marar tsaga, domin dutsen da ruwa ya shige cikinsa na iya fashewa a wuta ya yi tsalle. Bulon da ke fuskantar wuta da ƙarafan ƙofa su ma suna cinyewa, sai magini ya dawo.

Bututu kuma sai an share. Dokar ƙasar ta wajabta share bututun hayaƙi duk shekara a gidajen da ake zaune a cikinsu, domin kunkunniyar da ta taru a ciki na iya kamawa da wuta, kuma a unguwar gidajen katako irin Pispala gobara ba ta tsayawa a gida ɗaya. Bayan an tashi da dare ana wanke benci da daɓe, a buɗe kafofin iska, ragowar zafin murhu ya busar da katako kafin safiya. Nan babban murhu ya yi wa ƙarami fintinkau, domin yana kwana da zafi.

Akwai kuma ƙorafin da bai kamata a share ba. Hukumomin muhalli na Finland sun sha nuna cewa ƙona itace a gidaje, musamman a murhun sauna, na cikin manyan hanyoyin da ƙurar hayaƙi mai shiga huhu ke cika iskar unguwanni. Gaskiya ne, kuma son al'ada ba ya goge shi. Amsar da ke hannun mai wuta ita ce dai aikinsa na kullum: busasshen itace, isasshiyar iska, kunna wuta daga saman jeri don hayaƙin da ke tasowa ya bi ta cikin harshen wuta ya ƙone, da ƙin danne ta da lodi. Ana iya ƙarawa da cewa murhu ɗaya da ya yi wa mutane masu yawa aiki a yini guda ya fi a ce kowannensu ya hura nasa a bayan gida.

Sai maganar magaji. Itace ana saye, dutse ana saye, magini ana ɗauka. Mai wuta kuwa sai an rene shi. Ana iya sa ma'aunin zafi a cikin duwatsu, ana iya rataye na'urar da ke ƙara idan ta ji guba, kuma ya kamata a yi duka biyun. Amma sanin lokacin da za a zuba kashi na gaba, da gane launin dutsen da ya nuna, da haƙurin tsayawa a gaban garwashi ana ganin zafi na tafiya ba a toshe ba, sai sabon hannu ya tsaya kusa da tsohon hannu ya ga hunturu ya ga bazara. Ƙungiyar da ke son gidan ya ɗore dole ta riƙa samun aƙalla mutum biyu da suka iya, kuma ta fara koya wa na uku tun na farkon bai gaji ba.